BABI NA HUƊU: JAGORANCIN TSARA WAJEN KOYON BINCIKE A FANNIN LIKITA, DARASI DAGA ANNOBAR GUBAR DALMA A TUNGAR DAJI DA MAƘWABTANTA

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan hanyoyin da Bahaushe yake bi wajen miƙa ilmin magani daga magabata zuwa na baya, musamman a gidajen wanzamai da maɗora. A wannan babi kuwa za a juya ga asibiti, domin a ga yadda ɗaliban likita da likitocin da ke neman ƙwarewa a aikin tiyata suke koyon bincike daga junansu. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, bincike sana'a ce, kuma kamar kowace sana'a, zaman aji kaɗai ba ya sa a ƙware da ita. Mutum yakan fi saurin koyonta daga wanda ya riga shi da taki ɗaya ko biyu, a lokacin da suke bakin aiki tare. Domin kada bayanin ya tsaya a kan ra'i kurum, an ɗauki annobar gubar dalma da ta auku a shekarar 2010 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, ciki har da Tungar Daji, a matsayin madubin dubawa.

4.1 Ma'anar Jagorancin Tsara

A wannan aiki, jagorancin tsara na nufin tsarin da mai koyo wanda ya ɗan yi gaba yake riƙe hannun mai koyon da ke biye da shi, yana nuna masa yadda ake aiki har shi ma ya iya tsayawa da ƙafarsa. Kalmar tsara a nan ba lalle ne ta nufi waɗanda aka haifa shekara ɗaya ba. Ana nufin waɗanda suke cikin sahu ɗaya na neman ilmi, babu wanda ya kai matsayin malami a cikinsu. Alal misali, ɗalibin aji shida da ɗalibin aji huɗu a makarantar likita tsara ne. Haka nan likitan da ya yi shekara huɗu yana koyon tiyata da wanda ya shigo bana.

Abubuwa uku ne suka bambanta wannan tsari da koyarwar malami. Na farko, akwai kusanci, domin na gaba da na baya sukan kwana a ɗakin jiran aiki ɗaya, su zagaya marasa lafiya tare. Na biyu, babu jin nauyi. Tambayar da ɗalibi zai ji kunyar yi wa shehin malami, don kada a ce bai san kome ba, zai yi wa ɗan'uwansa ita ba tare da fargaba ba. Na uku, na gaba bai manta da wahalar da ya sha ba, saboda jiya jiya ya wuce wurin, don haka ya san daidai inda na baya zai yi tuntuɓe. Sai dai ya kamata a lura tun daga nan cewa jagoran tsara ba ya maye gurbin malami. Aikinsa shi ne ya cike giɓin da ke tsakanin abin da malami ya faɗa da abin da hannu zai aikata.

4.2 Tushen Wannan Tsari a Al'adar Bahaushe

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A makarantar allo an kasa masu karatu zuwa kolo da titibiri da gardi, sannan malam a samansu. Malam ɗaya ba zai iya zama da kowane yaro ba, saboda haka gardi ne yakan rubuta wa kolo allo, ya biya masa karatu, ya saurare shi kafin a kai gaban malam. Da haka kolo yake samun mai kula da shi kullum, shi kuma gardi karatunsa yake ƙara zama, domin wanda ya biya wa wani ya maimaita wa kansa ne.

Haka abin yake a wanzanci. Yaro yakan fara da ɗaukar zabira da wasa aska, sannan a bar shi ya yi wa yara aski, kafin ya kai ga ƙaho da sauran ayyukan da ake zubar da jini. Mafi yawan gyaran da ake yi masa a kullum daga yayyensa na sana'a yake fitowa, ubangida kuwa sai ya duba ya tabbatar.

Akwai darussa biyu da za a ɗauka daga nan. Na ɗaya, kuskure ma ta wannan hanya yake yaɗuwa, domin idan gardi ya karkace, duk yaran da ke ƙarƙashinsa za su karkace, shi ya sa ba a raba tsarin da sa idon malam. Na biyu, sana'ar gargajiya takan riƙe wasu abubuwa a matsayin asirin gida, alhali kuwa bincike na zamani sharaɗinsa shi ne a bayyana hanyar da aka bi filla-filla yadda wani zai iya maimaitawa ya ga ko zai sami abin da aka samu.

4.3 Matsayin Bincike a Karatun Likita

A Nijeriya karatun likita yakan ɗauki shekara shida a jami'a, sai shekara ɗaya ta aikin gwaji a asibiti, sai kuma shekarar bautar ƙasa. Kafin ɗalibi ya kammala, yakan gudanar da ɗan bincike a sashen kiwon lafiyar al'umma. Wanda yake son zama ƙwararren likitan tiyata sai ya sake shiga horo na shekara biyar ko fiye, a ƙarƙashin ɗaya daga cikin kwalejoji biyu, wato Kwalejin Horar da Manyan Likitoci ta Ƙasa da aka kafa da doka a 1979, da Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma wadda ta faro a matsayin ƙungiya a 1960. A dukan kwalejojin biyu, kundin bincike yana cikin sharuɗɗan samun shaidar ƙwarewa ta ƙarshe. Ga mutanen yammacin Zamfara, manyan asibitocin da suka fi kusa su ne Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, sai kuma na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Aminu Kano a Kano.

Ke nan doka ta wajabta bincike, amma lokacin koyar da shi ya yi ƙaranci. Manyan likitoci kaɗan ne, marasa lafiya kuwa sun yi yawa, ga shi wasu ƙwararrun suna barin ƙasa. Likitan da ya wuni a ɗakin tiyata ba shi da sa'o'in da zai zauna da ɗalibai goma yana duba takardar tambayoyin kowannensu. Abin da yakan biyo baya shi ne, mai koyo ya bar kundinsa sai ƙurarren lokaci, ya yi shi a gurguje domin ya ci jarrabawa, daga nan kuma ya yi sallama da bincike. Wannan giɓi ne jagorancin tsara yake ƙoƙarin cikewa.

4.4 Annobar Gubar Dalma ta 2010

4.4.1 Yadda Aka Gano Annobar

Tungar Daji ƙauye ne a ƙaramar hukumar Anka, a yammacin Jihar Zamfara, yankin da ya haɗa da Bukkuyum da maƙwabciyarta Gummi. Mutanen yankin manoma ne da makiyaya, amma da farashin zinare ya tashi a kasuwannin duniya daga wajen 2008, sai jama'a da dama suka koma haƙarsa. Akan kawo dutsen cikin gari, a farfasa shi, a niƙa a injin niƙa irin na hatsi, a wanke garin, sannan a kama zinaren da zaiba. Abin da ba a ankara da shi ba shi ne, wasu daga cikin duwatsun suna ɗauke da dalma mai yawan gaske. Ƙurar niƙa ta bazu a tsakar gidaje inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Jikin ƙaramin yaro kuwa yakan tsotsi dalma ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, kuma takan taɓa ƙwaƙwalwa.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan Ƙungiyar Likitoci Na-Gari-Na-Kowa, wato MSF, suna zagayen sa ido a kan cutar sanƙarau, sai suka sami labarin yawan mutuwar ƙananan yara a wasu ƙauyuka. Yaran sukan yi amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma. An yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magungunansu, amma ba a ga sauƙi ba. Da aka lura ana sarrafa dutsen zinare a cikin gidaje, sai aka ɗebi jinin wasu yara aka aika ɗakin gwaji a Turai, sakamako ya nuna dalma mai yawan da ke iya kisa. Daga baya mutanen yankin suka ba da labarin cewa tun farkon shekarar sun ga agwaginsu suna ƙarewa, amma ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Kafin a shawo kan annobar, an ƙiyasta cewa yara fiye da 400 sun rasu.

4.4.2 Masu Koyo a Fagen Aiki

A watan Mayu na 2010 ayarin masu bincike ya isa yankin. Ayarin ya ƙunshi jami'an ma'aikatun lafiya na tarayya da na jiha, da ma'aikatan Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, wato CDC, da kuma likitocin da ke karɓar horo a Shirin Horar da Masu Bin Diddigin Annoba na Nijeriya, wanda ake kira NFELTP. An fara wannan shiri ne a 2008 da haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Ibadan. Horon na shekara biyu ne, kuma kimanin kashi uku cikin huɗu na lokacin a fagen aiki ake yin sa, kashi ɗaya a aji. Abin lura a nan shi ne, wasu daga cikin waɗanda suka zo daga Amurka su ma masu koyo ne, a wani shirin horo na shekara biyu da CDC ta kafa tun 1951, wanda a kan tsarinsa aka gina na Nijeriya. Wato masu koyo ne suka haɗu da masu koyo, manya suna sa ido a kansu.

Ayarin ya bi gida gida a ƙauyuka biyu, Dareta a Anka da 'Yargalma a Bukkuyum. An shiga gidaje 119, aka samu cewa daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Daga cikin yara 204 da aka auna jininsu, kashi 97 cikin ɗari suna da dalma maikirogiram 45 ko fiye a kowace desilita ta jini, wanda shi ne ma'aunin da ake fara ba da maganin fitar da ita. An kuma samu cewa ana sarrafa dutsen zinare a cikin kashi biyu bisa uku na gidajen. An buga rahoton a 2012, kuma a jerin marubutansa akwai sunayen 'yan Nijeriya na shirin NFELTP, kamar Oladayo Biya da Saheed Gidado da Suleiman Haladu. A watannin Oktoba da Nuwamba na 2010 an sake wani zagayen, aka ziyarci ƙauyuka 74 a Anka da Bukkuyum da Maru domin a san faɗin matsalar.

Wannan bincike shi ya nuna inda za a sa hannu. Tun da ba shi da amfani a yi wa yaro magani a mayar da shi cikin guba, sai aka haɗa magani da kwashe gurɓatacciyar ƙasa. An fara da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, sannan daga ƙarshen 2010 zuwa farkon 2011 aka yi Tungar Daji da Abare da Sunke da Duza da Tungar Guru. Akan kankare saman ƙasar tsakar gida kimanin santimita biyar, a binne ta a rami na musamman, a zuba sabuwa. Bagega kuwa sai a 2013 aka yi nata, bayan Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗi. A farkon 2022 MSF ta miƙa aikin ga hukumomin Jihar Zamfara. Wannan miƙawa ita ce ta fito da muhimmancin batun wannan babi, domin baƙo komai daɗewarsa zai tafi, abin da zai rage shi ne ilmin da ya zauna a hannun 'yan gida, da kuma ko sun koya wa na bayansu.

4.5 Abubuwan da Na Gaba Yake Koya wa Na Baya

Idan aka dubi irin aikin da aka yi a waɗannan ƙauyuka, za a ga fasahohi guda shida waɗanda littafi yakan ambace su a taƙaice, amma ba su zama a hannu sai an yi su tare da wanda ya taɓa yi.

(i) Mayar da damuwa ta zama tambaya. A ce "yara suna mutuwa" damuwa ce. A ce "yara nawa 'yan ƙasa da shekara biyar suka rasu cikin wata goma sha biyu, kuma me ya bambanta gidajensu da sauran gidaje?" wannan ita ce tambayar bincike. Da irin wannan kwatanci ne aka gano cewa haɗarin mutuwa ya fi yawa ga yaron da uwarsa take aikin sarrafa dutse, da kuma gidan da ƙasarsa ta fi yawan dalma. Sabon shiga yakan ɗauko tambaya mai faɗin da shekara biyar ba za ta ishe ta ba. Ɗan'uwansa da ya riga shi ne zai taimaka masa ya rage ta daidai ƙarfinsa.

(ii) Sanin harshe da al'ada. Takardar tambayoyi akan rubuta ta da Ingilishi, amma da Hausa za a yi tambayar. Alamar ciwo ɗaya, wata uwa za ta kira ta jijjiga, wata taune-taune, wata farfaɗiya, wata kuma ta danganta ta ga iska. Idan kowane mai tambaya ya zaɓi kalmarsa, amsoshin ba za su haɗu ba. Haka kuma yawancin iyaye a karkara ba su riƙe ranar haihuwa, sai a bi ta damina da kaka da azumi da salla kafin a kai ga shekarun yaro. Uwa takan yi kunyar ɗan fari har ta ƙi kiran sunansa, kuma ba kowace ce za ta so a tuna mata da wanda ya rasu ba. Gidan kulle kuwa namiji baƙo ba ya shiga sai da iznin maigida, wani lokaci ma sai mace. Duk wanda bai san waɗannan ba, zai koma da alƙaluma gurɓatattu yana zaton daidai ne. Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a nan ne mai koyo ɗan gida yake zama jagora ga baƙon da ya fi shi sanin lissafi.

(iii) Sanin iyakar kayan aiki. Ƙaramar na'urar auna dalma da aka yi amfani da ita a fage, mai suna LeadCare II, ba ta iya karanta abin da ya haura 65, alhali jinin yara da yawa ya zarce haka nesa. Sai masu binciken suka fito da dabarar tsarma jinin da wani jini da aka tabbatar ba shi da dalma mai yawa, a auna, sannan a yi lissafi, suka kuma gwada sakamakon da na babban ɗakin gwaji domin su tabbatar da ingancin dabarar. Darasin shi ne, ba a karɓar lambar da na'ura ta nuna ido rufe.

(iv) Kula da rijista. A shekarar farko ta magani, daga Yuni 2010 zuwa Yuni 2011, an ba yara 1,156 maganin sha mai fitar da dalma, wanda ake kira DMSA, har zagaye 3,180. Daga bayanan da aka riƙa rubutawa kullum ne aka fitar da rahoton da aka buga a 2014, wanda ya zama abin dogaro ga masu kula da irin wannan ciwo a wasu wurare. Da ma'aikata sun yi sakaci da cike takardu, da wannan ilmi ya salwanta. Ɗabi'ar cike kowane gurbi a fayil ɗin mara lafiya daga na kusa ake ɗaukar ta.

(v) Neman izni da riƙon amana. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan, gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200. An yi ta ƙorafin cewa ba a nemi iznin iyaye yadda ya kamata ba, har aka kai ga shari'a, aka sasanta da Gwamnatin Kano a 2009. Wannan ya bar tabo a zukatan jama'ar Arewa game da duk wanda ya zo ɗibar jini. Don haka dole mai koyo ya san yadda ake neman amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, da yadda ake bi ta hannun hakimi da dagaci da liman, da yadda ake yi wa iyaye bayani cikin harshen da suke ji, a kuma bar musu damar su ƙi.

(vi) Rubutu da rabon suna. Binciken da ba a rubuta ba tamkar ba a yi shi ba ne. Na gaba shi ne mai karatun farko na daftarin na baya, kuma shi zai koya masa cewa duk wanda ya yi aiki na haƙiƙa yana da haƙƙin a sa sunansa.

4.6 Yadda Tsarin Yake Aiki a Fannin Tiyata

Ana iya cewa annoba daban, tiyata daban. Amma fasahohin nan shida su ne dai likitan tiyata yake bukata, kuma akwai misalai da suka nuna cewa masu koyo suna iya yin babban bincike idan suka haɗa hannu. A 2014 wata haɗakar likitoci da ɗalibai mai suna GlobalSurg, wadda aka tsara daga Birtaniya, ta tattara bayanai a kan tiyatar ciki ta gaggawa. A kowane asibiti akan kafa ƙaramin rukuni na mutum uku ko ƙasa da haka, su bi marasa lafiyarsu na mako biyu. Da haka aka sami bayanan mutum 10,745 daga asibitoci 357 a ƙasashe 58, aka kuma gano cewa haɗarin mutuwa bayan irin wannan tiyata ya kusa ninki uku a ƙasashe matalauta. An sa sunan kowane mai tattara bayani a cikin rahoton.

A nahiyar Afirka ma an yi makamancin haka a 2016, inda asibitoci 247 a ƙasashe 25, ciki har da Nijeriya, suka bi marasa lafiya 11,422, kowane asibiti na tsawon mako ɗaya. Rahoton da ya fito a 2018 ya nuna cewa haɗarin mutuwa bayan tiyata a Afirka ya ninka matsakaicin na duniya, duk da cewa marasa lafiyar sun fi ƙuruciya, kuma mafi yawan mace-macen sun auku ne a kwanakin da suka biyo bayan tiyatar. Wannan ya karkato da hankali ga kulawar da ake yi a ɗakin jinya.

A ɗauka misali an kafa irin wannan rukuni a babban asibitin Anka ko na Gummi, a kan yaran da zazzaɓin taifot ya huda musu hanji. Likitan da ya yi nisa a horo zai tsara tambaya tare da malaminsa, wanda ke biye da shi zai kula da cike takardu a ɗakin jinya, ɗalibai biyu kuma su tattauna da iyaye a kan kwana nawa aka yi kafin a kawo yaro da abin da ya jawo jinkirin. Kowane mako su zauna su duba abin da aka tara. Baɗi wanda ya kula da takardu shi zai tsara tambaya, ɗalibi ya hau matsayinsa, a ɗauko sababbi. Wannan ba ya bukatar na'ura mai tsada. Abin da yake bukata shi ne juriya da tsari.

4.7 Matsalolin da Ke Tattare da Tsarin

Matsala ta farko ita ce wadda aka ambata a 4.2, wato gadon kuskure. Maganinta shi ne kowane rukuni ya kasance da malami mai duba aikinsa lokaci lokaci. Ta biyu ita ce danniya, inda na gaba yake mayar da na baya ɗan aike, ya sa shi wahalar tattara bayani sannan ya bar sunansa a waje. Ya kamata a rubuta aikin kowa da matsayin sunansa tun kafin a fara. Ta uku ita ce ƙarancin lokaci, domin jagoran kansa yana da jarrabawa a gabansa, don haka ya dace sashe ya keɓe sa'a ɗaya ko biyu a mako, ya kuma lissafa jagoranci a cikin aikin da ake yaba wa mutum. Ta huɗu ita ce ƙarancin mata a cikin rukunonin, alhali kuwa su ne ke iya shiga gidaje su ji daga bakin iyaye mata. Ta biyar ita ce rashin tsaro. Hare-haren 'yan bindiga sun sa zuwa ƙauyuka da yawa na yankin ya yi wuya, har Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019, ba ta ɗage hanin ba sai a Disamba 2024. A irin wannan hali, ma'aikacin lafiya mazaunin wurin shi ne kaɗai idon masu bincike, saboda haka horar da shi ya zama wajibi.

4.8 Naɗewa

A wannan babi an bayyana ma'anar jagorancin tsara, aka nuna cewa yana da tushe a makarantar allo da wanzanci, aka kuma kawo giɓin da yake cikewa a karatun likita. An bi diddigin annobar gubar dalma ta 2010, inda aka ga rawar da masu koyo suka taka, da fasahohi shida da suke wucewa daga hannu zuwa hannu. Annobar ta sake ɓulla a 2015 a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu, abin da ke nuna cewa matuƙar ana niƙa dutse kusa da yara, za a ci gaba da bukatar masu iya ganewa da aunawa da rubutawa. A Tungar Daji da maƙwabtanta alamun sun bayyana tun daga kan agwagi, abin da aka rasa shi ne wanda aka koya wa ya ƙirga ya kai rahoto da wuri. A babi na gaba za a duba kalmomin da Hausawan yankin suke amfani da su wajen bayyana alamomin ciwon yara, da yadda za a daidaita su domin amfanin masu bincike.